Akurki mai tafiya a kan ciyawa: zai yi a Kebbi, ko sai a bidiyo?

Baban Yusra (Kalgo):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kafin in saki kuɗi. Ina da fuloti a bayan gida, na zagaye shi da katanga amma ban yi gini ba, kowace damina ciyawa ce ke cinye shi. Ina so in haɗa akurkin kaji irin wanda ba shi da daɓe, raga ce ta zagaye shi, kajin na tsaye kan ciyawa, kullum da safe a ja shi gaba zuwa sabon wuri. Na ga na wani manomi a jihar Bajiniya ta Amurka, Joel Salatin. Nasa faɗi ƙafa 10 ne, tsawo ƙafa 12, tashinsa daga ƙasa ƙafa 2 kacal, kuma yana zuba kaji kamar 75 a ciki. Ni buroila 50 nake son farawa da su da zarar ruwa ya zauna. Katako ya fi ko ƙarfe? Wane rufi zan yi? Sannan da gaske ne ciyawa na rage kuɗin abinci da rabi, kamar yadda wani ya gaya mini?

Hajiya Mai Kaji (Birnin Kebbi):
Wa alaikumus salam. Ta ƙarshen zan fara amsa maka, don ita ce ke jefa mutane rami. Wanda ya ce maka rabi, ka tambaye shi ko ya taɓa kiwon buroila. Kaza ba akuya ba ce, ba ta tuƙa. Za ta tsinki ɗanyen ganye, ta kama fara da tsutsa, amma naman da kake so ta yi cikin mako bakwai daga masara da waken suya yake fitowa. Buroila ɗaya kafin ta isa sayarwa tana cin kilo 4 zuwa 5. Kaji 50 ke nan buhu 8 zuwa 10 na mai kilo 25. Ka ajiye kuɗin buhunan nan cif kafin ka je wurin kafinta. In ciyawa ta rage maka buhu ɗaya, ka yi hamdala.

Ɗan Zuru:
Hajiya, da girmamawa, kin taɓa gwadawa? Mu nan muna yi kuma kajin sun fi na ɗaki lafiya nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Kaji (Birnin Kebbi):
Ɗana, ban ce ba su da lafiya ba. Maganar abinci ya tambaya. Kai nawa kajinka suka ci, ka rubuta?

Ɗan Zuru:
Ban rubuta ba gaskiya, amma da ido ma ana gani.

Hajiya Mai Kaji (Birnin Kebbi):
To ido ba ya auna buhu.

Dakta (likitan dabbobi):
Hajiya na da gaskiya kan abinci. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙafa 2 ɗin nan. Malam Baban Yusra, wurin da aka ƙirƙiro wannan akurkin ƙasa ce mai sanyi, ƙanƙara na zuba a can da hunturu. An yi shi gajere ne don ya yi sauƙin ja, iska kuma kada ta ɗauke shi. In ka kwafo shi yadda yake, ka kifa masa kwano ƙafa 2 daga kan kaza a ranar Kebbi, ka haɗa tanda. Zafin jikin kaza da kansa digiri 41 ne, kuma ba ta gumi. Hanyarta ta fitar da zafi ita ce haki da buɗe fiffike. Da zafin wuri ya haura 30 sai ka ga ta rage cin abinci, in ya doshi 40 manyan ne ke fara faɗuwa, waɗanda ka fi kashe wa kuɗi. Mu kuwa a watan Afrilu 40 ba labari ba ne. Ko da damina, ranar da hadari ya taso bai zuba ba, kowa ya san irin zufar da ake sha.

Saboda haka abu biyu. Ka ɗaga shi ya kai aƙalla ƙafa 4 a tsakiya don zafi ya samu wurin tashi, kuma ka rage yawan kajin. Shi manomin Amurkan, a nasa lissafin kowace kaza ba ta kai murabba'in ƙafa 2 ba. A nan ka ba ta biyu da rabi zuwa uku.

Kafinta Ɗan Jega:
Dakta ya gama magana. Bari in kawo nawa ɓangaren. Kada ka yi 10 da 12, ya yi girma, in ka ɗaga shi ƙafa 4 sai da ƙarti za a ja shi. Katako a kasuwa ƙafa 12 yake zuwa, to ka yi 6 da 12, babu guntun da za a zubar. Katako tu-bai-tiri (mai inci 2 da 3) biyu a kwance su ne dogayen gefe, ɗaya a raba biyu ya zama gaba da baya, ɗaya kuma a yanka a yi tokara a kusurwa huɗu. Tokarar nan kada a yi wasa da ita. Abin da ake ja kullum, in babu ita, mako biyu ya karkace, ƙusoshi su fara fita.

Sama kuma ba sai an yi ta da katako ba. Rodi mai milimita 10 ake lanƙwasawa kamar baka, daga wannan gefe zuwa wancan, duk bayan ƙafa 3 a kafa ɗaya, biyar ke nan. Kowace baka za ta ci kamar ƙafa 11, rodi ɗaya kuwa mita 12 ne, saboda haka rodi biyu sun isa har da ragi. A ɗaura tu-bai-tu ɗaya a tsakiyar sama ya riƙe su, nan ne kuma za ka rataye mazubin ruwa da na abinci, in za a ja ba sai an fitar da su ba. Ƙofa a gaba, wadda mutum zai sunkuya ya shiga. Wannan zai ɗauki kaji 25 zuwa 28. In 50 kake so, ka yi biyu.

Mai Walda Na Koko:
Oga kafinta, katako a kan danshi da damina? Gara fa? A yi shi da fayif mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, a yi masa fenti, shekaru zai yi. Kuma in aka iya zaɓen kaurin fayif ɗin ya fi katakonku rashin nauyi, musamman in katakon ya sha ruwa.

Kafinta Ɗan Jega:
Kowa na yabon rumfarsa. Gara ba ta cin abin da ke tashi kullum, sai wanda aka yasar wuri ɗaya. In an gama kiwo a ɗora shi kan bulo, shi ke nan. Kuma a shafa wa katakon ƙasa baƙin mai. Fayif ɗinka kashin kaji zai cinye shi da tsatsa ta ƙasa, in ya karye a gona kuma sai an nemo janareto. Nawa guduma da ƙusa ne.

Mai Walda Na Koko:
To a raba gardama, ƙasa katako, sama ƙarfe. Ai abin da ka faɗa ke nan ma da rodinka.

Dakta (likitan dabbobi):
Baƙin man nan, a shafa shi a fuskar da ke taɓa ƙasa kawai, a bar shi ya bushe sarai a rana kafin kaji su shiga. Kada a shafa inda bakinsu ke kaiwa.

Maman Sultan (Bunza):
Wani ya ce mini bututun roba na famfo ya fi sauƙi, ana lanƙwasa shi da hannu.

Kafinta Ɗan Jega:
Yana lanƙwasuwa, Hajiya, amma ranarmu na gasa shi. In ya shekara a waje sai ya riƙa fashewa da ɗan bugu. Kuma rashin nauyinsa ya yi yawa, iskar farkon damina za ta kai miki shi gidan maƙwabta da kajin a buɗe.

Baba Na Argungu:
Salamu alaikum. Ni tsoho na, ban iya dogon rubutu ba, amma wanga abu da kuke ta kira sabo, mu ba baƙo na garemu ba. Da munka tashi, in anka kwashe hatsi, maigona shi ka zuwa shi roƙi Fulani su zauna mai gona. Shanu su kwana wuri guda kwana biyu ko ukku, sai a gusa da su gaba, har su zagaye gonar duka. Shi ba su dame, wani lokaci har da goro. Da damana ta zo, ba sai an gwada maka inda sunka kwana ba, gero da kainai zai gwada maka. To wanga akurki shi na zaman taki, sai dai da kaji. Ɗana na Kalgo, in riba kake bida, kar ka dube ta ga buhun abinci. Dube ta ga ƙasa. Hilin da kaji sunka bi bana, baɗi shuka masara ka gani.

Baban Yusra (Kalgo):
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi ban kalle shi ta nan ba.

Hajiya Mai Kaji (Birnin Kebbi):
Baba, Allah ya ja kwana, maganarka dutse ce. Amma a bar ni in yi wa ɗaki adalci, don kada matasa su ɗauka mu masu kiwon ɗaki zubar da taki muke yi. Mu a Kebbi Allah ya hore mana buntun shinkafa, duk inda injin casa yake tudu ne guda. Shi nake shimfiɗawa, in kaji sun fita in kwashe in ɗura a buhu, masu albasa daga wajen Aliero har gida suke biyo shi da kuɗinsu. Takina ban yi asararsa ba, kuma ban ja komai da asuba ba. Wanda ke da gonar kansa kusa da gida, akurki mai tafiya ya hutar da shi dako da watsawa, na yarda. Wanda ba shi da gona fa, taki ya zube a filin da ba zai shuka ba, me ya ci?

Sannan wahala. Kullum ne fa, ba ranar Juma'a, ba ranar biki, ba ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai. Kwana biyu in ba a ja ba, wurin ya zama kwata, ya fi ɗakin da ba a share ba muni, don babu buntun da zai tsotse.

Ɗan Zuru:
Hajiya, minti biyar ne fa jan. Taya biyu na baro a baya, igiya a gaba. Ke kuma ranar kwashe buntu ai yini kike yi, ga warin da ke shiga ido. Ga kuɗin maganin zawon jini da kuke saye kowane zubi.

Dakta (likitan dabbobi):
A nan Ɗan Zuru ya taɓo abu na gaske. Ƙwayar cutar da ke kawo zawon jini tana fita ne cikin kashi, amma a ranar da ta fita ba ta iya kama wata kazar. Sai ta samu kwana ɗaya zuwa biyu cikin ɗumi da danshi tukuna ta nuna. In kana gusawa kullum, ka bar ta a baya kafin ta nuna. Wannan ita ce babbar fa'idar tsarin ta fuskar lafiya, ita da iska mai kyau. Shi ya sa nake cewa in mutum ya san ba zai iya ja kullum ba, ya yi ɗaki irin na Hajiya ya huta.

Amma kada a ɗauka fili ba shi da nasa ciwon. Tsutsar ciki ta fi yawa a kajin da ke kiwo a ƙasa, wasu ta ƙwai a cikin turɓaya, wasu ta ƙwarin da suke ci. Don haka ba a dawowa wurin da aka tashi da wuri. A bar shi ya huta, rana ta buge shi, ciyawa ta sake tohowa.

Na biyu kuma ya fi girma. Murar tsuntsaye an fara tabbatar da ita a Najeriya a watan Fabrairun 2006, a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, kuma tun daga nan takan lafa ta dawo. Tsuntsayen ruwa na daji suna ɗauke da ita, mu kuwa fadamarmu daga Argungu har Yawuri matattararsu ce, musamman da sanyi. Wanda zai kai akurki bakin fadama ya san da wannan. Rufi ya rufe sama duka don kada kashin tsuntsu ya faɗo ciki, kada a ɗebo musu ruwan tafki, kada agwagin gida su riƙa kewaya wurin. In aka wayi gari kaji na mutuwa da yawa lokaci guda, a sanar da ofishin likitan dabbobi, kada a kwasa a kai kasuwa.

Cutar fakat kuma ba ruwanta da ɗaki ko fili, da hunturu take share kajin gari. Rigakafinta mai suna Lasota da na cutar Gumboro a bi takardar da aka ba ka tare da 'yan tsakin. Masu kajin Hausa akwai rigakafin fakat mai suna I-2 da cibiyar Vom ta jihar Filato ke yi, wanda ya fi jure rashin firji, ana ɗiga shi a ido, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu.

Baban Yusra (Kalgo):
Na gode Dakta. Filin nawa zai isa kuwa, in ba a komawa wuri ɗaya?

Kafinta Ɗan Jega:
Buga lissafi. 6 sau 12, murabba'in ƙafa 72 ke nan a rana. Ba da ɗan tsako za ka fara ba, sai sun yi mako uku a ɗaki da ɗumi sun yi gashi. Saura mako huɗu a waje, kwana 28, ya kama 2,016. Fuloti mai 50 da 100 kuwa 5,000 ne. Akurki ɗaya bai cinye rabi ba. Biyu za su shiga da ƙyar, amma ka cire inda akwai bishiya da tarin bulo.

Na Mafara:
Gaisuwa daga Zamfara. Abin da ban ji kowa ya ambata ba shi ne kunyar gona. A bidiyon da kuke kallo filinsu shimfiɗe yake. Gonakinmu kuwa duk kunyoyi ne, ko an shekara ba a noma ba sawunsu na nan. Ka ɗora katako mai ƙafa 12 a kan kunya, ƙarƙashi duk ƙofofi ne, kaza ta fita, muzuru ya shiga. Taya ma ba ta tafiya. Sai dai ka baje wurin tun kafin ruwa, ko ka yi faɗin akurkin daidai da kwarin kunya ka riƙa binsa a tsaye.

Sai batun ciyawar kanta. Mu nan daga Yuni zuwa Oktoba ne ake da ɗanya. Daga nan sai ƙura da ƙarangiya. Wata bakwai me akurkin zai yi? Mu da ke kusa da madatsar Bakolori muna da ɗan kore da rani a gefen magudanan ruwa, amma can ɗin ma kowane taku shuka ce, ba wanda zai ba ka.

Ɗan Zuru:
Mu ruwanmu ya fi naku daɗewa, ciyawa na kaiwa har Nuwamba a wasu wurare. Ina sa Noiler, wani irin kaji na nama da ƙwai masu kama da kajin Hausa, a watan tara, su isa daidai kasuwar Kirsimeti. Da rani kuma ina bin gonar da aka girbe da shi, ƙarƙashin mangwaro, ina yanko musu zogale da ganyen dankali ina ratayewa.

Baba Na Argungu:
To ka gani. Da rani ai shi na lokacin taki. Ba ciyawa kaɗai ta ba.

Hajiya Mai Kaji (Birnin Kebbi):
Yanzu ka zo inda nake so, Ɗan Zuru. Ashe Noiler kake sawa, ba farar buroila ba. Ai ba ɗaya ba ne. Noiler da ire-irenta an yi su ne don su yi yawo su yi tono, suna jure zafi, amma sai sun yi wata uku zuwa huɗu. Farar buroila kuwa in ta kai mako biyar, daga mazubi sai kwanciya, ko fara ta bi ta gabanta sai ta ga dama. Shi mai tambaya farar ya ce. Ka zo kana ta musu da ni alhali ba kaza ɗaya muke magana a kai ba.

Ɗan Zuru:
Ai shi Baturen da ya ambata farar yake sawa, Hajiya.

Hajiya Mai Kaji (Birnin Kebbi):
A garinsu. Kuma ka bincika ka ji ko ya daina sayen abinci.

Shugaban zaure:
Jama'a a ci gaba a hankali, muhawarar na da amfani. Wanda ya turo tallar 'yan tsaki da lambar waya na goge, ranar Asabar ce ranar talla.

Maman Sultan (Bunza):
Ni tambayata ta tsaro ce. Duk kun yi ta maganar ya zama marar nauyi. To abin da yaro ɗaya zai ja, mutum huɗu za su ɗauke shi cak da kajin a ciki. Ko ba a ɗauka ba, raga ce fa, almakashi ya ishe ta.

Na Mafara:
Wannan ita ce maganar. Mu halin da muke ciki, gonar da ta yi nisa da gari mutum da kansa ma sai ya yi shahada yake zuwa, balle ya bar kaji su kwana. Duk wanda zai yi, ya yi inda in kaza ta yi kuka da dare zai ji daga ɗakinsa. Shi Malam na Kalgo da ke da katanga ya tsira, shi ne ma ya fi kowa dacewa da abin a cikinmu.

Kafinta Ɗan Jega:
Ɓarawo mai ƙafa biyu sai katanga da kare da addu'a. Mai ƙafa huɗu kuwa aikin raga ne. Siririyar ragar kajin nan mai arha kaza kawai take tsarewa, kare na yaga ta, tunku da gafiya na wucewa, muzuru na zura hannu ya fizgi kan kazar da ta kwanta a jikinta. Daga ƙasa zuwa ƙafa 2 a sa raga mai kauri mai ido rabin inci. Ta fi tsada, amma araha ba ta ado. Daga nan zuwa sama a iya sa mai arhar, tunda can shaho da shirwa kawai ake karewa. Sannan a bar leɓen raga kamar ƙafa ɗaya ya kwanta a ƙasa ta waje, a danne da bulo ko dutse da yamma. Mai tono in ya zo jikin katako yake fara tono, sai ya tarar da waya. Wannan leɓen shi ne kuma maganin ƙananan ramukan da Na Mafara ya faɗa.

Baban Yusra (Kalgo):
Rufin fa? Har yanzu ba a tsayar mini ba. Kwano ya fita ke nan?

Mai Walda Na Koko:
Kwano a kan baka ma wahala ne, ga nauyi. Tamfal.

Dakta (likitan dabbobi):
Tamfal shi kaɗai ma yana ɗaukar zafi, baƙi ko shuɗi ya fi muni. A samu fari ko mai ruwan azurfa, a ɗora zana ko asabari a kansa. Tamfal ya tare ruwa, zana ta tare rana. Kada a saukar da shi har ƙasa, a bar kamar ƙafa ɗaya da rabi ta kowane gefe iska ta ratsa daidai tsayin kaza. Gefen gabas kawai za a yi wa labule da ake saukewa in hadari ya taso, tunda ta can ruwanmu ke bugowa. A kuma tanadi turaku huɗu da igiya, da an ga gabas ta yi baƙi a ɗaure shi.

Ruwan sha kuma, kaza na shan kamar ninki biyu na abin da ta ci, da zafi ya wuce haka sosai. Jarkar da ta yini a rana ba za su sha ruwanta ba. A ajiye randa a inuwa kusa, a canza musu da azahar.

Hajiya Mai Kaji (Birnin Kebbi):
Ruwan sama daga bisa mai sauƙi ne. Na ƙasa fa? Watan Agusta in aka kwana ana yi, ruwa ta ƙarƙashin katako zai bi ya shiga, kaji su kwana a jiƙe, da safe a tarar sun hau kan juna. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020 a jihar nan sun san ba a wasa da wuri mai kwari.

Baba Na Argungu:
Ga tudu za a aza shi da damana, inda rairayi ya ka shanye ruwa. Laka sai rani. Kuma a yi musu ɗan gado na kara daga baya, taƙi guda daga ƙasa, su hau in ƙasa ta jiƙe.

Kafinta Ɗan Jega:
Gadon Baba ya yi, amma a yi shi wanda ake cirewa, in ba haka ba wurin ja zai riƙa bugun ƙafafunsu. Jan ma da ladabinsa. Da sassafe kafin a zuba abinci, a hankali, yaro ɗaya a baya yana ɗan buga katako don su matsa gaba. Kwanakin farko ne wahala, daga baya da sun ji an taɓa igiya su da kansu suke rugawa gaba don sabuwar ciyawa. Wanda ya fizga da ƙarfi zai karya ƙafar kazar da ke baya.

Maman Sultan (Bunza):
Na kajin ƙwai fa, haka za a yi shi?

Dakta (likitan dabbobi):
Gini ɗaya ne, sai ƙari biyu. Sandar kwana, kowace kaza a ba ta kamar inci 8 zuwa 10, da akwatin ƙwai ɗaya ga kaza huɗu ko biyar, a maƙala shi a baya yadda za a buɗe ta waje. Sai dai a rage yawansu, 15 sun isa a wannan girman, tunda su zaman shekara za su yi. Shika Brown ta cibiyar NAPRI da ke Zariya an samar da ita ne don yanayinmu, in an samu. Kowace na cin gram 110 zuwa 120 a rana, kuma in kika rage da sunan suna cin ciyawa, ƙwai ne zai ragu. Abin da za ki gani dai shi ne gwaiduwa ta yi ja sosai saboda ɗanyen ganye.

Wani abu kafin in manta, ga kowa. A san tarihin filin. In an yi feshin maganin ciyawa kwanan nan, kada a kai kaji. Irin shuka mai jan magani da ya zube a ƙasa guba ne gare su. A tuge rai-ɗore da zurman da tumfafiya daga hanyar da akurkin zai bi, 'ya'yan biyun farko suna kashe kaza. Ciyawar ma in ta wuce taƙi a sassabe ta, gajera mai taushi irin harkiya suke ci, doguwa tattake ta kawai za su yi, ga maciji. Masu lambu kuma kada a shuka latas ko wani abin da ake ci ɗanye a sawun kaji nan take, a ba shi wata uku zuwa huɗu kafin girbi.

Baban Yusra (Kalgo):
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya: akurki ɗaya, 6 da 12, katako a ƙasa rodi a sama, tamfal da zana. Buroila 50 na fasa, Noiler 25 zan fara da su, in ya karɓe ni in ƙara na biyu. Sai dai tunda su za su daɗe, filin ba zai ishe su ba tare da an maimaita wuri ba ko?

Kafinta Ɗan Jega:
Fulotinka zai ba ka kwana sittin da wani abu kafin ka dawo inda ka fara. In suka fito suna da mako huɗu, ka kusa kai su kasuwa ke nan.

Hajiya Mai Kaji (Birnin Kebbi):
Allah ya sa albarka. Alfarma ɗaya nake nema: ka sayi littafi na naira kaɗan, duk buhun da ka buɗe ka rubuta, duk wadda ta mutu ka rubuta, ranar sayarwa ka auna su. Ni ma zan sa Noiler 25 a ɗaki rana ɗaya da kai. In lokaci ya yi mu kawo wa zaure, Ɗan Zuru ya zama alƙali.

Ɗan Zuru:
Na karɓa, amma a sa kuɗin magani da na buntu a lissafin, Hajiya.

Hajiya Mai Kaji (Birnin Kebbi):
A sa har da ladan yaron da zai riƙa ja.

Kafinta Ɗan Jega:
Malam Baban Yusra, ƙofar filin naka ƙafa nawa ce? In irin ƙaramar nan ce ta ƙafa 3, kada ka bari a haɗa shi a shago. A kawo katako da rodi da raga, a buga shi a ciki.